Kujerar Musu

Ni malamar lissafi ce, kuma da za a tambaye ni, ba abin da ya haɗa ni da falsafa sai jini. Yayana ne shugaban ƙungiyar malaman da ke fafutukar a sa falsafa cikin darussan makarantu. Ni kuma aka naɗa ni sakatariya ba tare da an nemi ra'ayina ba, don kawai falona ya fi nasa faɗi kuma ina da babban filas. Duk Asabar da hantsi sai su cika min gida, malamai maza da mata da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, su shanye min shayi, su yi ta tambayar juna ma'anar kalmomin da kowa ya sani tun yana goye.

A kusurwar falon akwai wata jar kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Ita ce kujerar musu. Dokar ƙungiya, wadda Yaya ya kafa da kansa, ita ce ba a zartar da komai sai wani ya zauna a kanta ya soki maganar iya ƙarfinsa, ko da kuwa shi ya kawo ta. In ya gama, sai a tashi a ba shi amsa, sannan a yanke shawara. Zaman kujerar karɓa-karɓa ake yi. Yaya yakan ce shawarar da ta wuce ba wanda ya taɓa ta, ba yarda aka yi da ita ba, kasala ce kawai ta hana a duba. Abin da ni na gani da idona shi ne, saboda kujerar nan muka cinye lokacin zafi guda ana muhawara a kan sayen fanka, aka zartar ranar da kowa ya zo da rigar sanyi.

Wanda ya fi kowa jin daɗin kujerar shi ne malamin tarihi. Amma-fa muke kiransa, don ko gaisuwa ka yi masa da wuya ya amsa bai soma da "amma fa" ba. Ko ba ranarsa ba ce, kusa da ita yake zama yana shafa mata baya.

Shi Yaya adabi yake koyarwa, a makarantar da nake. Ƙarshen shekarar karatun nan zai yi ritaya, kuma abu ɗaya ya rage masa a duniyar aiki: ya tsaya gaban aji sau ɗaya ya koyar da falsafa da sunanta, ba a sace ba. Darasin farko ma tun kafin aurena ya shirya shi, kuma a kan kekensa ne.

Keken na Babanmu ne, Allah ya jiƙansa. Aƙalla haka Yaya ke cewa. Tayoyin an canja su ba adadi. Sarƙar ta tsinke an sa wata, sirdin ya yage an sa wani, feda da birki da ƙararrawa duk ba na ainihi ba ne. Ko gangar jikin, wata mota ta taɓa lanƙwasa shi a bakin kasuwa, mai gyara ya nemo wani ya dasa komai a kai. Na sha gaya masa, "Yaya, wallahi ko ƙusa ɗaya ta Baba babu a jikin abin nan." Sai ya yi murmushi ya ce, "To Auta, gaya min ranar da ya daina zama nasa." Ban taɓa samun ranar ba, kuma hakan na ba ni haushi ba kaɗan ba.

Darasin ke nan. Zai turo keken cikin aji, ya ba yara labarin abin da aka canja, ya tambaye su ko har yanzu keken Baba ne, ya ja gefe ya bar su da juna. Ya taɓa gwadawa a lokacin adabi, shugaban makaranta ya tare shi a baranda ya ce keke ba ya cikin manhaja, a mayar da shi gindin bishiya. Tun daga ranar Yaya ya rantse sai ya shiga da shi ta ƙofar gaba.

Sai ga shi, bayan shekarun da muka yi muna kai kokenmu ana ce mana a dawo, kwamitin manhaja ya kira mu. In suka amince a wannan zama, za a gwada darasin sau ɗaya a mako a makarantarmu a zango na ƙarshe, wato zangon Yaya na ƙarshe. In ba su amince ba, sai zaman baɗi, lokacin shi yana gida yana ba tsuntsaye ruwa.

Nan na ɗaura ɗamara, don na san mutanena. Na kulle jar kujera a ɗakin ajiya, na jefa makullin a jaka. Na ja Amma-fa gefe.

"Malam, don girman Allah, in mun shiga, bakinka."

"Amma fa, Sakatariya, in aka faɗi abin da ba daidai ba…"

"Ko cewa aka yi rana daga yamma take fitowa, ka gyaɗa kai."

Na sayo alewa mai tauri leda guda na damƙa masa, na ce in ya ji magana ta taso masa ya jefa ɗaya a baki. Ya karɓa yana kallona kamar na ƙwace masa gado. Yaya kuwa ban ce masa komai ba. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana jiran wannan rana, me zan gaya masa? Da safen ranar taron ma na gan shi a ƙofar gidansa yana goge keken da tsumma, har da sa wa sarƙar mai.

Ɗakin taron a bene yake, dogon tebur ne da robobin ruwan da aka sha rabi aka bari. Mu ne na ƙarshe a ranar, an shigo da mu gab da lokacin cin abinci, kuma kallo ɗaya na yi wa 'yan kwamitin na san yunwa na gefenmu. Jami'in jarrabawa, wani mai ƙiba da ke ƙarshen tebur, ya jingina kai da bango yana gyangyaɗi. Wata na tattara takardu tana cusawa a jaka. Shugabar kwamitin, dattijuwa mai gilashi a kan karan hanci, ko ɗagowa ba ta yi sosai ba.

"Malaman falsafa ko? Mun karanta. Darasi ɗaya a mako, gwaji na zango ɗaya, makaranta ɗaya. Ban ga abin da zai ci mana ba. Akwai mai ja?"

Na juya na kafa wa Amma-fa ido. Kumatunsa sun cika da alewa, gumi na tsattsafo masa a goshi, amma bawan Allah ya riƙe amana. Zuciyata ta yi fari ƙal. Na soma tunanin yadda za mu hau da keken matakalar aji.

"Ba mai ja," in ji shugabar, ta cire murfin biro. "To, shi ke nan, sai mu…"

"Ranki ya daɗe, ina da musu."

Na sake duban Amma-fa. Bakinsa a rufe yake. Muryar daga damana ta fito. Yaya ne a tsaye, ya gyara wuyan rigarsa, hannunsa ɗaya a kan bayan kujerar da ya tashi daga kai. Sai a lokacin na lura da kalarta. Duk kujerun ɗakin ja ne.

Na ja masa gefen riga. Na taka masa ƙafa. Ko a jikinsa.

Shugabar ta zare gilashi. "Malam, ba kai ne ka kawo buƙatar ba?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Shi ya sa na fi kowa sanin inda take yoyo."

Wallahi ban taɓa jin Yaya ya yi magana mai daɗi irin ta ranar ba, kuma duk a kan kanmu ya sauke ta. Ya ce ina malaman? Mu da ke nan ba mu cika mota guda ba, kuma a cikinmu ba wanda aka horar don wannan aiki. Ya ce jadawalin darussa ya cika maƙil, in an sa falsafa dole a tsakuro daga wani darasin, kuma yaron da bai iya raba lamba ba, wa ya ce tambayar mene ne lamba za ta cece shi? Ya juya wajen jami'in jarrabawa.

"Yallaɓai, yaya za ka ba da maki? Yaro ya ce e, ya kawo hujja. Na kusa da shi ya ce a'a, ya kawo hujja. Wa ya ci?"

Mutumin da ke barci ya farka tangaram. "Ƙwarai kuwa! Abin da ke raina ke nan tun ɗazu!"

Ƙarya yake, ba abin da ke ransa tun ɗazu sai abinci.

Yaya bai tsaya ba. Ya ce iyaye fa? Uba ya ce wa ɗansa tashi ka ɗebo ruwa, ɗa ya ce Baba me kake nufi da tashi, washegari uban yana ofishin shugaban makaranta. Aka kwashe da dariya, har matar da ke tattara takardu ta zauna ta fito da su. Sannan ya kawo ta ƙarshe, wadda na san ko a mafarki bai yarda da ita ba. Ya sassauta murya ya ce, wataƙila ma yara ba su kai ba. Wataƙila tunani irin wannan sai an girma, yaro kuwa a ba shi amsa ya haddace ya fi masa sauƙi.

Ya koma ya zauna, fuskarsa sai walƙiya take yi, ya juyo ya kalle ni. Na san kallon. A falona, in mai kujera ya gama, sakatariya ke tashi ta fara ba da amsa. Jira yake a ba mu fili mu rushe duk abin da ya gina, mu yi nasara da guminmu. Ya manta sam cewa mutanen nan ba su taɓa zuwa falona ba.

Na miƙe. "Ranki ya daɗe, yanzu sai amsa…"

"Wace amsa kuma, Malama?" Shugabar ta mayar da murfin biro. "Mai kaya da kansa ya ce kayansa na da matsala. Mun gode da gaskiyarku, ba kasafai muke ganin irinta ba. A ɗage zuwa zaman baɗi."

Amma-fa ya yi yunƙurin ceto. Ya buɗe baki zai ce "amma fa", alewa ta sarƙe shi, sai da jami'in jarrabawa ya zo yana bubbuga masa baya. Haka taron ya watse.

A mota na daure har muka sauke Amma-fa. Ina jan ƙofa na fashe.

"Yaya, me na yi maka? Biro a hannunta! A hannunta, Yaya! Sa hannu kawai ya rage!"

"Ba su karanta ba, Auta."

"Ina ruwanka? Ka ce ka zo a karanta ne, ko ka zo a ba ka aji?"

"Da sun ba mu don suna jin yunwa, wata rana za su ƙwace don suna jin yunwa."

"To yanzu ai ka ƙoshi! Sai ka kai keken gidan tarihi!"

Ya juya yana kallon titi, masu shaguna na yayyafa ruwa a ƙofa. Can ya ce a hankali, kamar da kansa yake, "Na ɗauka za su bari mu amsa." Nan fushina ya zube, tausayinsa ya kama ni. Na gwammace da ya ci gaba da gardama.

Asabar ɗin da suka biyo baya taro ya yi sanyi. Na fito da jar kujera daga ɗakin ajiya, ba wanda ya yi marmarin zama a kanta, har shi Amma-fa. Ana haka wata Asabar, muna tsakiyar rashin abin cewa, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina buɗewa na ga shugabar kwamiti, ita kaɗai, da jakarta a hammata, ta sha mur.

"Nan ne gidan masu musun?"

Ta shigo ba ta jira an yi mata iso ba. Ta duba falon, ba wurin zama sai jar kujera, ta nufe ta. Muka haɗa baki gaba ɗaya, "A'a, ranki ya daɗe, ba nan ba!" Amma-fa ya tashi ya ba ta tasa, aka yi mata bayanin dokar a taƙaice. Ta saurara, ta dubi kujerar, ta dubi Yaya.

"Au. Wato wasa ka yi da mu."

"Ba wasa ba ne, ranki ya daɗe. Da gaske na yi. Amsar ce ba a ba mu dama ba."

"To ni na zo in ba ka ita, don ka hana ni sakat. Ka lalata min kwamiti. Yanzu ko labule za a canja sai wannan jami'in jarrabawar ya ce yana da musu." Ta ajiye jaka. "Maganar malamai, a horar da su. Maganar jadawali, aikina ne, ba naka ba. Maki kuwa, a ba yaro a kan hujjarsa, ba a kan e ko a'a ba, mu ma haka muke yi a rubutun insha'i ba wanda ya mutu. Duk wannan bai dame ni ba. Ta ƙarshen ce ta tsaya min a wuya."

Ta nuna shi da gilashinta.

"Kafin in hau teburin nan, 'yan aji ɗaya na koyar har gashina ya yi fari. Ka ce yara ba su kai ba? Akwai wadda ta taɓa tambayata, in ta yi ƙarya don kada a doki ƙawarta, ita mutuniyar kirki ce ko ta banza. Ko takalminta ba ta iya ɗaurawa ba. Na ce mata ta yi shiru ta kwafi abin da ke allo, don ban san abin da zan ce ba. Ba su ne ba su kai ba, Malam. Kada in ƙara jin ka faɗi haka a gaban mutane."

A ƙungiyarmu in amsa ta yi, ba a tafi, cokali ake bugawa a jikin kofi. Yaya ne ya fara. Falon ya ɗauka gaba ɗaya, har matar ta tsorata ta ɗauka wani abu ne ya faɗi a kicin.

Ta ce za ta tsaya wa maganar da kanta a zaman baɗi, kuma ba makaranta ɗaya ba. Ni ce na yi tambayar da kowa ke gudu.

"Ranki ya daɗe, ba yadda za a yi kafin nan? Zangon nan?"

"An rufe manhajar bana tun ranar taron. Ko ni ban isa in buɗe ta ba." Ta dubi Yaya. "An gaya min batun ritayarka. Ka yi haƙuri."

"Ba komai," in ji Yaya. Ya ce bari ya duba ko tayar kekensa ta sace, ya fita. Tayar lafiyarta ƙalau, ta taga nake hango shi tsugune yana matsa ta. Ya daɗe a wajen.

Da ya dawo aka shiga batun wanda zai koyar a makarantarmu. Amma-fa ya gyara zama, ya ce shi a shirye yake a mayar da shi can. Shugabar ta ce, "Wannan mai alewar? Yara ba za su samu sa baki ba." Sai na ga idanu na juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya. Na ce ni lissafi na karanta, ban ma yarda da rabin abin da ake yi a falon nan ba. Ta ce shi ya sa. Na nemi wani ya hau jar kujera ya cece ni, Amma-fa ya hau da gudu, ya yi iya ƙoƙarinsa, Yaya ya tashi ya yi kaca-kaca da shi cikin ɗan lokaci. Aka buga cokula.

Yaya ya yi ritaya, aka ba shi agogon bango. Zaman baɗi ya zo, aka yi muhawara mai zafi, aka amince. Ranar darasin farko na je gidansa da sassafe karɓar keken. Na tarar ya goge shi, ya kuma ɗaure jar kujerar da ya aro daga falona a bayansa da igiya. Wai shugaban makaranta ya yarda ya zauna a bayan aji a matsayin baƙo, da sharaɗin ba zai koyar ba.

Muka turo shi ta ƙofar gaba. Shugaban makaranta na tsaye a baranda, ya kauce ya ba mu hanya. Muna shiga aji, yara suka hau leƙen juna. Yaya ya kwance kujerarsa ya kai ta can baya kusa da tsintsiya, ya zauna, ya naɗe hannu. Na jingina keken da allo. Na shirya in yi yadda ya tsara, in ba da labari, in yi tambaya, in ja gefe. Na ba su labarin taya da sarƙa da sirdi da motar da ta lanƙwasa gangar jikin. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu tun ban kai ga tambayar ba.

"Malama, to ai ba na Babanku ba ne. Ba abin da ya rage nasa."

Maganata ce, kalma da kalma, wadda na yi shekaru ina faɗa. Na dubi keken. Hannuna na kan sirdin, inda nakan riƙe rigar Baba ta baya in zai kai ni makaranta. Ba wannan sirdin ba ne, na sani sarai. Amma sai na ji raina ya ɓaci kamar ta zagi wani nawa.

"Nasa ne," na ce. "Keken Babana ne."

Daga can bayan aji, kusa da tsintsiya, hannu ya ɗaga. Yara suka juya gaba ɗaya. Idanunsa sun yi ja, amma bakinsa ya ƙi rufuwa don murmushi.

"Malama," in ji Yaya, "ina da musu."